Makanikan Jirgin Yaƙi Uku da Motar Baba

Duk unguwarmu a Kudai babu wanda bai san sirrin sojan sama ba, kuma Baba da abokansa biyu ne suka jawo. Su ukun sun yi aiki a sansanin jiragen yaƙi na Ɗa'if tun suna samari har furfura ta kama su, suka dawo Makka da fansho da kunnuwan da ƙarar inji ta gama da su. Idan suka zauna a hoshinmu, wato filin bayan gida da aka zagaye da katanga, abin da suke ɗauka raɗa ce, mai wanki da guga na bakin titi yana jin sa sarai. Baba zai sunkuyo, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce, "Wannan maganar tsakaninmu ce," da muryar da za ta kira salla ba lasifika.

Baba makanikin inji ne. Kawu, ƙanin Mama, aikinsa kujerar matuƙi, irin wadda ke harba mutum sama da laima idan jirgi ya ƙi. Na ukun muna ce masa Baffa, duk da ba jini ya haɗa mu ba. Kakanninsa da namu a hanya suka haɗu suna tahowa hajji a ƙafa, kuma gidansu har yau Sakkwatanci suke yi, a cakuɗe da Larabcin Hijaz kamar na kowa. Shi tayoyi da birki ne fanninsa. Babu matuƙi a cikinsu, kuma ba sa ɓoye ra'ayinsu a kan matuƙa. A wurinsu matuƙi wani yaro ne mai baƙin tabarau da ake ba aron lafiyayyen jirgi da safe, ya dawo da shi da rana yana ƙorafi.

Ni a lokacin na haura arba'in, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Aziziyya. Muna saman bene da mijina da 'ya'yana, iyayena suna ƙasa. Tagar kicin ɗina hoshin take kallo, saboda haka ko ina so ko ba na so, ni ma na yi aikin sojan sama.

Motar ta girme ni. Baba ya saye ta a hannun wani Bature da suka yi aiki tare, da zai koma ƙasarsu. Ƙirar Amurka ce, doguwa, mai faɗin ƙirji, kujerunta kamar na falo. Muna yara, duk ɗan uwan da ya zo hajji daga Kano ita ke kwasar kayansa, ta fi kowa a gidanmu yawan zuwa Arfa. Wata shekara ta tsaya, Baba ya ce sai ya samu hutu zai duba ta, hutun bai zo ba. Kyanwoyi suka haihu a ciki, 'ya'yansu ma suka haihu. Mama kuma ta gano babu abin da ke busar da kuɓewa da barkono kamar bonet ɗin a ranar Makka, ta mayar da shi wurin shanya.

Mama ce ta tayar da maganar gyaran, ba don son mota ba. Da Baba ya yi ritaya ya rasa abin yi, sai ya koma kicin ɗinta. Ya jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarama, ya buga ƙusoshi a bango, ya zana siffar kowane ludayi da alƙalami don a san inda zai koma. Ranar da ya ce mata ba ta mayar da muciya mazauninta ba, ta ɗauki waya ta kira ƙaninta.

"Ka zo ka fitar min da mutumin nan daga kicin," ta ce. "Ga mota can tana ruɓewa. Ku je ku dame ta."

Washegari Kawu ya zo da Baffa, kowa da akwatin kayan aikinsa. Mama ta kwashe kuɓewarta tana murmushi, ba ta san me ta jawo wa kanta ba.

Ba su ɗauki abin a matsayin gyaran mota ba. Kullum kafin su taɓa ta sai sun jeru kafaɗa da kafaɗa, su taka hoshin daga bango zuwa bango, kai a sunkuye, suna tsince duwatsu. Baba ya ce a titin jirgi tsakuwa ɗaya idan inji ya zuƙe ta, an gama. Na ce masa motar nan ta sha bin hanyar da ba kwalta, ba ta taɓa zuƙar komai ba. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Mama ta leƙo ta ga dattawa uku suna tara tsakuwa a leda, ta ce, "To, an gama Muzdalifa. Yaushe ne jifa?" Babu wanda ya ji ta, ita ce sa'arta.

Akwai ranar da wata 'yar sifana ta ɓata. A aikinsu, idan kayan aiki ya ɓata babu jirgin da zai tashi sai an gan shi, domin yana iya kasancewa a cikin inji. Baba ya rufe ƙofar hoshi ya ce ba shiga ba fita. Mutumin da ya kawo mana tukunyar gas, bawan Allah, ya maƙale a ciki, motarsa tana kunne a waje. Aka ɗaga tabarma, aka leƙa ƙarƙashin mota, aka zazzage ledar shara, har aljihun mai gas sai da aka nemi ya nuna. Can Baba ya sa hannu zai ciro hankici ya share gumi, sai muka ga ya yi cak. Ya buɗe ƙofa da kansa, ya ba mai gas ruwan sanyi, ya sanar cewa an samu sifana. Ba a faɗi inda aka same ta ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Rabin yinin aiki ne, rabi hira, kuma hirar ba ta canzawa. Ni na haddace ta daga taga. Baba yana da labarin tsuntsun da ya faɗa injin wani jirgi ana cikin tashi, yadda rumfar jirage ta cika da ƙanshin gashi, da yadda ya wuni yana tsince gashin tsuntsu daga cikin fanka. Ina ƙarama kurciya ce. Da na yi aure ta zama shaho. A shekarar gyaran motar nan mikiya ce.

"Idan Allah ya kai mu baɗi jimina ce," in ji Kawu.

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya kiyaye gaba!"

Baffa kuwa nasa tunƙahon shi ne duk wanda ya tashi, wurinsa zai dawo. "Injinka shi tashe shi, to ya tashi," yakan ce wa Baba. "Amma wa anka kira in za ya sauka? In babu taya, jirgi ƙarfe na kawai da ke neman inda za ya faɗi."

Kawu ne abin tsokanarsu, domin duk tsawon aikinsa babu matuƙin da ya taɓa jan maɗaurin kujerar da ya gyara. Baba ya ce, "Kai ai ba a taɓa gwada aikinka ba. Wa ya sani ko bulo ka riƙa cusa musu a ƙarƙashi?" Kawu yakan yi dariya ya ce alhamdulillahi. Wata rana da na kai musu shayi ya tsayar da ni, ni kaɗai, ya ce min, cikin raɗarsa da ake ji har bene, shi addu'arsa kullum da safe ita ce kada Allah ya nuna wa kowa ko ya iya aiki.

A ranar ne na tambayi Baba abin da ban taɓa tambaya ba.

"Baba, kai ka taɓa tashi a jirgin yaƙin kuwa?"

Ya ajiye kofinsa, ya dube ni kamar na ce ya sha fetur.

"Ni? Uwata, ni fa na san abin da ke ciki. Da hannuna na ɗaure shi. In hau in je ina?"

Baffa ya gyaɗa kai, Kawu ma haka. Ashe cikin su ukun babu wanda ƙafarsa ta taɓa barin ƙasa a jirgin da ya gyara, kuma babu mai nadama.

Gyaran ya ci watanni. Suka zagaye wuraren da ake sayar da ƙarafan tsoffin motoci daga Makka har Jidda, suna neman lagireto da kafireto da wasu abubuwan da masu shagunan ba su taɓa jin sunansu ba. Hajji ya zo, unguwa ta cika da bas-bas da baƙi, aka lulluɓe motar da tamfol. Da alhazai suka watse aka yaye. Wata ranar Asabar da hantsi ina wanke shinkafa, sai na ji wani tari mai nauyi daga hoshi, kamar tsoho ya shaƙe, sannan gidan ya ɗauki rawa. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, kyanwoyi suka haura katanga, maƙwabcinmu ya fito da guga yana tambaya ina wutar. Na leƙa na ga dattawa uku a tsaye cikin hayaƙi, kowa ya dafa motar da tafin hannu. Ba sa jin ƙarar sosai, da hannu suke saurarenta.

Sai maganar wanda zai tuƙa ta taso, kuma a nan aka ji shiru a hoshinmu karon farko.

Baba yanar ido ta rufe masa gani, likita ya hana shi tuƙi sai an yi masa aiki, shi kuma yana ta ɗaga ranar. Baffa gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan birki ba zai iya taka birki ba. Kawu hannunsa yana rawa, ko shayi rabin kofi ake zuba masa. Yayana yana Riyad. Ƙanina kuwa an haramta masa kusantar motar tun ranar da ya ce a sayar da ita a kilo. Mijina da ya ji an fara lissafo mutane, sai ya tuna yana da aiki a ofis.

Saura ni. Na samu lasisi tun shekarun farko da aka bar mata su yi tuƙi, kullum ni nake kai kaina Aziziyya a 'yar ƙaramar motata. Baba bai taɓa shiga ba, ya ce wannan ba mota ba ce, injin wanki ne mai taya.

Suka yi shawara a gabana kamar ba na wurin.

"Ɗiya mace?" in ji Baffa. "Mota wagga ba ta san mace ba."

"Ta san Mama," na ce. "Shekara nawa tana yi mata shanya?"

Kawu ne ya warware. Ya ce, "Ku tsaya. Matuƙi fa ake nema, ba makaniki ba. Tun yaushe muka fara ganin girman matuƙi? Abin da ake buƙata mutum mai ido biyu da ƙafa biyu wanda zai yi abin da aka ce masa."

Suka dubi juna. Baba ya ce gaskiya ne, ba a yi asarar komai ba. Haka na samu aikin, kuma ban taɓa karɓar girmamawa mai kama da zagi irin wannan ba.

Kafin a bar ni in taɓa sitiyari sai da aka koya min zagaye. In fara daga ƙofar direba, in bi ta dama, in shafa kowace taya, in leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga, in girgiza bamba. Sannan alamomin hannu: wannan kunna, wannan taho, wannan tsaya, wannan kuma kashe ki gudu. Na tambaya wanne ne na "na gaji". Baba ya ce babu shi a soja.

Baffa ne ya zaɓi Arfa don gwada motar. Duk ɗan Makka ya san yadda take idan ba lokacin hajji ba: tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, sababbi, babu kowa sai masu tattaki da iyalai da suka fito shan iska a ƙarƙashin darbejiya. Ya ce babu inda ya fi kama da titin jirgi.

Muka fita bayan la'asar. Baba a gaba kusa da ni, Kawu da Baffa a baya. Fito da ita daga hoshi kaɗai sai da ya haɗa min gumi, domin hancinta yana titi, bayanta bai bar inuwar gida ba. Sitiyarin sai an juya an sake juyawa kafin ta yarda an yi mata magana. Mama ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ki dawo min da ƙanina. Sauran biyun duk yadda ya yiwu."

A Aziziyya muka zama abin kallo. Samari suna rage gudu, suna ɗaga waya, wani ya leƙo ya yi ihu da Larabci ko ta sayarwa ce. Baba bai ji shi ba, ya ɗaga masa hannu kamar mai amsa gaisuwa. Wata ɗalibata ta hango ni daga motar gidansu, ta buɗe baki. Na san labarin zai riga ni isa makaranta. A cikin motar kuma umarni yake zuwa ba ƙaƙƙautawa, Baffa yana cewa in taka birki a hankali, Kawu yana tambaya ko kujerar ta yi min daidai, Baba yana sunkuyar da fuska dab da allon mai yana ƙoƙarin karanta allura.

Da muka isa, Baba ya sa na tsaya a farkon wani dogon titi da babu kowa. Ya fita, ya tako gaban motar, ya cire silifas ɗinsa ya riƙe ɗaya a kowane hannu, ya tsaya a kan kwalta mai zafi da safa. Ya ɗaga su sama. Na yi niyyar dariya, amma da na ga yadda bayansa ya miƙe, da yadda hannuwansa suka san abin da suke yi ba tare da ya yi tunani ba, sai dariyar ta maƙale. Tun ina yarinya nake ganin sa yana fita da kaki yana dawowa da warin mai, ban taɓa ganin sa a bakin aiki ba sai ranar. Ya yi min alamar taho, na taho. Ya haɗa silifas biyu a saman kansa, na tsaya. Sannan ya sara min, ya mayar da takalmansa, ya shigo yana busar ƙafa.

"Yalla," ya ce. "Ba ta wuta."

Na taka totur. Da farko kamar ba ta ji ba, sai ta tattara kanta, ta ɗaga hanci, ta tafi. Itatuwa suka fara wucewa da sauri. Iska ta cika abayata. Baba yana dukan cinyarsa yana cewa ƙara, ni kuma ina ƙarawa, domin gaskiya daɗi nake ji, kuma ba kullum mahaifin mutum ke ce masa ya yi ganganci ba.

Akwai wani ɗan tudu a kwaltar, irin wanda ake yi don rage gudun bas. Na gan shi a makare. Gaba ta haye, baya ta bi, sai na ji wani abu ya daki ƙasa ya yi ƙara, na kuma ji wani abu ya daki rufin motar ta ciki. Na biyun Baffa ne. Wani ƙarfe a kujerar baya, wadda Kawu ya gyara da hannunsa, ya kuɓuce ya cilla shi sama, hularsa ta lotse. Na farkon kuwa salansa ce. A madubi na hango ta tana birgima a titi, ta nufi gefe abinta.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar da ta biyo baya ba. Haƙorana sun yi rawa. Tattabaru suka tashi daga kan rumfuna. Wani iyali da ke shan shayi a can nesa suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Na ɗaga ƙafa zan taka birki, sai Baba ya damƙe hannuna.

"Kar ki tsaya! Uwata, ina jin ta! Wallahi ina jin ta!"

Fuskarsa kamar ta yaron da aka ba sabon kaya. A baya Kawu ya rungume Baffa yana kuka yana dariya yana cewa, "Ta yi aiki! Ka shaida kujerata ta yi aiki!" Baffa yana dafe da kai yana zaginsa da Sakkwatancin da ban taɓa sanin akwai shi ba. Na ci gaba har ƙarshen titin, su ukun suna ihu, motar ta fi su ihu, abin da ban taɓa gani ba a rayuwata.

A ƙarshen titin motar 'yan sandan hanya tana jiran mu. Ba sai sun neme mu ba, tun daga nesa suka ji mu.

Jami'in matashi ne mai ladabi. Ya zo taga, ya yi sallama, ya nemi lasisi da takardar mota. Na ba shi lasisi. Baba ya buɗe aljihun gaba ya ciro takardar, ta yi ja don tsufa, ya miƙa da alfahari. Jami'in ya duba, ya sake dubawa, ya ce da Larabci, "Ya ammi, wannan ta ƙare tun kafin a haife ni."

"Me ya ce?" Baba ya tambaye ni.

"Ya ce takardar ta mutu."

"Ce masa motar tana da rai."

Sai ƙofofin baya suka buɗe. Kawu ya fito, Baffa ya fito da sandarsa, su ukun suka sa yaron a tsakiya. Ba faɗa suke ba, bayani suke, amma wanda bai san su ba ba zai bambance ba. Suka faɗa masa inda suka yi aiki, Baba ya fara labarin mikiya, Baffa ya ja shi ya nuna masa tayoyi, Kawu ya dage sai ya zauna a kujerar baya ya ji. Jami'in ya saurara har ƙarshe. Ya shafa bonet, ya leƙa inji, ya ce kakansa yana da irinta, ya roƙi abokin aikinsa ya ɗauke shi hoto da su. Sannan ya rubuta min tara, ni, domin ni ce a sitiyari, ya kira motar ɗaukar motoci, ya ce ba za ta sake taka titi ba sai da salansa da sabuwar takarda.

Baffa ya dube ni ya ce wa sauran, "Kun gani? An ba matuƙi jirgi lafiya lau."

Muka yi magariba a gefen titi muna jira. Kawu ya tafi ya ɗauko salansar, ya dawo da ita a rungume a cikin rawaninsa saboda zafi. Da motar ɗauka ta zo, direbanta ya sha wahala, domin Baba ya sake cire silifas yana ba shi alama, shi kuma bai san ma'anar ko ɗaya ba. Mijina ne ya zo ya kwashe mu, aikin ofis ɗin ya ƙare ba zato.

A gida aka yi zaman bincike a kan tabarma, da burodin tamis da waken ful. An gano laifi uku, duka nawa ne: ban ga tudu ba, ban girgiza salansa ba lokacin zagaye duk da ba a ce in girgiza ba, kuma na yi gudu. Na ce Baba ne ya ce in ƙara. Baba ya ce matuƙi ne ke da alhakin jirginsa. Mama ta shafa wa Baffa man zafi ta hannun Kawu, ta tambaya ko yanzu za ta iya mayar da kuɓewarta. Aka ce mata a'a, aiki yanzu ya fara.

Abin da tafiyar ta haifar shi ne Baba ya yarda a yi masa aikin ido, domin ya rantse ba zai sake ba wani aron motarsa ba. Aka yi, aka yi nasara. Ranar da aka cire masa bandeji, bai ko zauna ba ya wuce hoshi. Na bi shi. Ya zagaye motar a hankali, ya dawo inda ya fara, ya tsaya.

Su da kansu suka yi mata fenti, da gwangwanayen feshi da Kawu ya riƙa sayowa kaɗan-kaɗan daga shaguna daban-daban. Baba shuɗi mai duhu ya ce, kuma shuɗi mai duhu yake gani. Mu masu ido mun daɗe da sanin bonet ɗin shuɗi ne, ƙofar direba ta karkata zuwa kore, ta baya kuma launin gauta, amma babu wanda ya ga amfanin faɗa.

"Wa ya yi wannan?" ya ce.

"Ku ne, Baba."

"A haka muka bi ta Aziziyya?"

"A haka. Har hoto aka ɗauka."

Ya sake duban bonet ɗin da ƙofofin. Sannan ya ce in ɗauko makullin motata, in kai shi wurin masu fenti yanzu-yanzu. Ya shiga injin wankin nawa ba gardama, ya ɗaura bel. Muna fita babban titin Kudai na kutsa tsakanin bas biyu kamar yadda na saba kullum, sai na ji ya yi salati. Na waiga, ya riƙe marikin saman ƙofa da hannu biyu, sabon idonsa a buɗe tar.

"Dama haka kike tuƙi?"

"Haka nake, Baba."

"Rage gudu," ya ce. "Don Allah, Uwata, rage gudu."